Hannayen da Ke Bayan Lambar Zinare

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau zancen wasanni za mu yi. Sai dai masu jiran su ji yadda ta kaya a Firimiya su ɗan yi mana haƙuri, yau ba can muka nufa ba. Za mu leƙa babbar gasar nan ta duniya ta masu buƙata ta musamman, wato guragu da makafi da waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa, wadda ake kira Paralamfik. Kuma abin da muke son dubawa shi ne hidimar da ke bayan ɗan wasa: wa ya horar da shi, wa ya biya masa kuɗin jirgi, wa ya gyara masa keke, wa ya riƙe masa igiya yana gudu.

Bari mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. A shekarar 2012 Najeriya ta je gasar Olamfik a Landan ta dawo hannu rabbana, ko tagulla babu. Bayan 'yan makonni naƙasassunmu suka sauka a wannan birni, suka dawo da lambobi 13, shida daga ciki zinare. A Rio a 2016 masu lafiyar jiki tagulla ɗaya suka samo a ƙwallon ƙafa, su kuwa 'yan Paralamfik suka kwaso 12, takwas zinare. A Paris a 2024 tarihi ya maimaita kansa: Olamfik babu ko ɗaya, Paralamfik lambobi bakwai, zinare biyu, azurfa uku, tagulla biyu. Tun da Najeriya ta fara zuwa wannan gasa a Barcelona a 1992, ba ta taɓa dawowa ba tare da zinare ba. To, masu sauraro, ku tambayi kanku: cikin waɗannan gwanaye sunan mutum nawa kuka sani?

Ita gasar asalinta daga asibiti ta fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wani likitan jijiya Bajamushe, Ludwig Guttmann, wanda ya tsere daga mulkin Hitler ya koma Ingila, yana kula da sojojin da suka ji rauni a laka a asibitin Stoke Mandeville. A wancan zamani wanda ya karye a ƙashin baya kwanciya kawai yake yi yana jiran ajali, gyambo da ciwon mafitsara su ƙarasa shi. Likitan nan ya ce a'a, a tashe su, a motsa musu jiki. Ranar 29 ga Yuli 1948, ranar da ake buɗe Olamfik a Landan, ya haɗa mutum 16 a kan kekuna suka yi gasar harbi da kwari da baka. A 1960 aka yi gasa ta farko mai cikakken tsari a birnin Rum, da 'yan wasa kimanin 400 daga ƙasashe 23. A Paris kuwa kimanin 4,400 ne suka fafata a wasanni 22. Ku lura, tun ranar farko akwai likita da ma'aikatan jinya tsaye a bayan ɗan wasa, kuma har yau haka abin yake.

Yanzu mu shiga zauren ɗaga nauyi, inda Najeriya ta fi yin suna. Ɗan wasa yana zuwa a kan kekensa, kocinsa na biye. Da an kira sunansa, minti biyu gare shi ya fara. Koci ne zai taimaka masa ya hau benci ya kwanta rigingine, ya ɗaure masa ƙafafu da ɗamara don kada jiki ya goce. Ga ma'aikata a gefe da gefe, su ne masu ɗora faranta a kan sandar ƙarfe, su ne kuma masu tarbe ta idan ƙarfi ya ƙare, don in ta kuɓuce a kan ƙirji ko maƙogwaro, sai dai wani ba shi ba. Ɗan wasa zai sauko da ƙarfen har ya taɓa ƙirjinsa, ya tsayar da shi cak, sannan ya tura shi sama har gwiwar hannu biyu su miƙe tare. Alƙalai uku ne ke kallo, kowa da fitila fara da ja. Sai biyu sun kunna fara ake ƙirgawa. Sau uku ake ba mutum dama.

A wannan benci ne Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a ranar ƙarshe ta gasar Paris, ta kafa sabon tarihi a duniya. Kilo 167 fa, jama'a, buhun siminti uku ke nan da ɗoriya, mace tana kwance, ba taimakon ƙafa. Onyinyechi Mark kuma, wadda nauyin jikinta bai haura kilo 61 ba, ta ɗaga 150. Amma ko a nan koci yana da rabi a aikin. Shi ne ke zaune da takarda yana lura da abin da abokan hamayya suka nema, yana yanke shawarar kilo nawa za a fara da shi, nawa za a ƙara. Ya yi zari, a faɗi sau uku a tashi a tutar babu. Ya yi tsoro, a bar zinare ga wani. Irin wannan ido ba a sayensa a kasuwa, sai an daɗe ana zuwa gasa. Lucy Ejike, wadda shan inna ya kama tun tana ƙarama, ta ci lamba a gasa shida a jere daga Sydney a 2000 har Tokyo, uku daga ciki zinare. Mutum irin wannan in ya ajiye ƙarfe, ƙasar da ta san ciwon kanta kujerar horarwa take ba shi.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, ba a wayi gari a ce wane yana da ƙarfi, a sa shi a jirgi. Hukumar ɗaga nauyi ta naƙasassu ta duniya ta shimfiɗa hanya ta shekara huɗu. Dole ɗan wasa ya halarci gasar duniya, da ta nahiyarsa, da wasu gasannin cin kofi da aka ƙayyade, kuma sunansa ya kasance a sahun gaba a jerin ajinsa. In aka ce yau babu kuɗin zuwa gasa guda daga cikin na dole, to an yi asarar gurbin, ko da kuwa shi ne mafi ƙarfi a doron ƙasa. Nan ne ake yi wa 'yan wasanmu illa a ɓoye. Ba wanda zai ji a labarai, don babu kyamara a ofishin da fayil ya kwana. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu sau da yawa sai saura 'yan makonni ake buɗe sansanin horo, a saki kuɗi a gurguje, a yi hoto da jami'ai a filin jirgi.

Sai maganar tantancewa, kuma ina roƙon iyaye da masu horarwa su kasa kunne sosai a nan. Naƙasa iri-iri ce, kuma ko iri ɗaya ce tana da mataki. Wanda ya rasa ƙafa daga ƙasan gwiwa ba daidai yake da wanda ya rasa ta daga cinya ba. Wanda yake ganin dishi-dishi ba daidai yake da wanda ko hasken rana ba ya gani ba. Don haka kafin a bar mutum ya shiga gasar ƙasa da ƙasa, sai wani kwamiti na ƙwararru, a ciki da mai ilimin likitanci da mai ilimin wasan, ya duba shi, ya gwada ƙarfin gaɓoɓinsa, ya kalle shi yana wasa, sannan ya ba shi aji. Shi ya sa za ku ji ana cewa T11 ko F54. Harafin T na masu tsere ne, F na masu jifa. Lamba 11 zuwa 13 ta masu larurar gani ce, 11 ɗin su ne waɗanda ba sa gani sam. Daga 51 zuwa sama kaɗan, masu wasa a zaune ne. Flora Ugwunwa, wadda ta ci zinare a jifan mashi a Rio da Tokyo, ta ci azurfa a Paris, a ajin F54 take.

Me ya sa ake wannan tsanani? Saboda an taɓa yin abin kunya. A Sydney a 2000, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinare a rukunin masu larurar ƙwaƙwalwa, daga baya ta bayyana cewa goma daga cikin 'yan wasa 12 lafiyarsu ƙalau. Aka ƙwace lambar, aka kuma dakatar da rukunin gaba ɗaya har zuwa 2012. Marasa laifi suka sha hukuncin masu laifi.

Inda abin ya shafe mu shi ne takarda. Kwamitin nan ba ya karɓar zancen baki. Yana son rahoton likita da ya faɗi musabbabin naƙasar, da hoton ƙashi ko gwajin ido in ana buƙata, a aika tun kafin gasa. Yaron da shan inna ya kama a ƙauye shekara ashirin da suka wuce, wace takarda gare shi? Ke nan sai an sami likitan da zai zauna ya duba shi ya cike fom ɗin yadda ake so. Likitocinmu na ƙashi da masu gashin ƙashi da likitocin ido, ga wata sadaka mai gudana da ba ta cin ko sisi sai lokaci. Bayan haka ma, masu tantancewa na duniya a wajen manyan gasanni kaɗai ake samunsu. Shi ya sa kawo gasa gida yake da amfani fiye da yadda ake zato. Da Legas ta karɓi wata gasar ɗaga nauyi ta ƙasa da ƙasa a 2019, Abuja ta karɓi gasar cin kofin duniya a 2020, da kuma Akra ta shirya gasar naƙasassu ta Afirka ta farko a 2023, matasa da dama sun sami shiga gaban ƙwararru ba tare da neman bizar Turai ba.

Masu sauraro, bari mu ɗan sha iska, yanzu za mu dawo.

(Kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya buɗe rediyonsa yanzu, muna magana ne a kan hidimar da ke bayan 'yan wasa masu buƙata ta musamman a gasannin duniya.

A cikin masu wannan hidima, babu wanda ya fi burge ni kamar ɗan jagoran makaho mai tsere. Ana ba su layi biyu, su biyu. Makahon yana sanye da abin rufe ido, don a tabbata kowa a ajin duhu ɗaya yake ciki. Wata 'yar gajeriyar igiya ce ke haɗa hannunsa da na ɗan jagora. Da an harba bindiga, tilas ƙafarsu ta riƙa sauka tare, hannu na tafiya tare, ɗan jagora yana gudu yana magana: ga kwana, miƙe, saura kaɗan, wane yana dab da kai. Doka ta hana shi ja, ta hana shi turawa, ta hana shi riga ɗan wasan tsallake layin ƙarshe. Ke nan dole ya fi ɗan wasan gudu, amma ya danne zuciyarsa ya bi takun wani. Ba kowane matashi ne zai iya wannan ba. Shekara da shekaru masu wannan aiki suna tashi da tafi kawai, sai a Landan a 2012 aka fara rataya musu lamba tare da 'yan wasansu.

Ga misali daga maƙwabta. Guillaume Junior Atangana haifaffen Kamaru ne, ya makance tun yana yaro. A Tokyo ya wakilci Kamaru ya zo na huɗu a tseren mita 400, lamba ta kuɓuce masa da ƙyar. Daga baya ya koma Birtaniya, kuma a Paris ya yi gudu a tawagar 'yan gudun hijira tare da ɗan jagoransa Donard Ndim Nyamjua, shi ma ɗan Kamaru. Suka ci tagulla, suka hau dandamali su biyu.

Ga wani kuma mai sosa rai. A tseren gudun fanfalaki na mata masu larurar gani a Paris, wata 'yar Sifaniya, Elena Congost, ta yi gudun kilomita 42 tana ta uku. Saura taku kaɗan a kai layi, jijiyar ƙafar ɗan jagoranta ta ɗaure, ya yi tangal-tangal zai faɗi. Ta kai hannu ta tare shi, igiyar ta kuɓuce mata na ɗan lokaci. Alƙalai suka ce doka ta hana sakin igiya, suka soke sakamakonta, tagullar ta koma ga wata. Ni dai a ganina an tsaurara fiye da kima, don ba ta ƙaru da komai ba, tausayi ne ya motsa ta. Amma darasin da ke ciki ga hukumominmu a bayyane yake: ɗan jagora shi ma ɗan wasa ne. Yana buƙatar horo, da abinci, da likita, da alawus, da biza. In aka rubuta sunan makaho a jerin masu tafiya aka manta da jagoransa, ko aka cire shi don a sa wani jami'i ya je yawon buɗe ido, to an bar makahon a gida ne, jikinsa kawai aka kai.

Akwai wasu masu taimakon da aikinsu sai an lura. A tsallen nesa na makafi, wani ne ke tsayawa a bakin ramin yashi yana tafi yana kira, ɗan wasa ya bi sautin a guje. A ninƙaya, wani ne ke tsayawa a bakin kududdufi da doguwar sanda mai laushin kai, ya taɓa makaho a ka ko a baya don ya san bango ya kusa. A ƙwallon ƙafa ta makafi, ƙwallon tana da ƙararrawa a ciki, mai tsaron gida yana gani, kuma akwai mutum a bayan ragar abokan hamayya yana faɗa wa masu kai hari inda raga take. A irin wannan wasa, da wanda ake kira golbol, gudummawar 'yan kallo ita ce su yi shiru. Dubban mutane a zaune tsit, sai ƙwallo ta shiga raga sannan a ɓarke da sowa. Mu da muka saba da ganga da kakaki a filin wasa, wannan sai mun koya.

Sai kayan aiki. Keken tsere da ƙafar roba ta gudu kuɗinsu dubban daloli ne, kuma kowane an auna shi da jikin mai shi, ba a aron na wani. Keken nan yakan shiga cikin kayan jirgi lafiya ya fito a lanƙwashe. Shi ya sa tun gasar Seoul a 1988 wani kamfanin Jamus mai suna Ottobock yake buɗe wurin gyara a masaukin 'yan wasa, da masu walda da masu ɗinki da masu ƙera ƙafar roba, suna gyara kyauta ga kowa. A Tokyo kaɗai sun yi gyara sama da 2,000. 'Yan wasan ƙasashe matalauta da yawa a nan suke fara ganin ƙwararren da ya duba musu keke da kyau. Abin farin ciki ne, abin kunya ne kuma.

Lafiya ma haka. Wanda ya sami rauni a laka jikinsa ba ya yin gumi yadda ya kamata daga inda raunin yake zuwa ƙasa, don haka zafi yana iya kayar da shi kafin a ankara. Doguwar tafiya a kujerar jirgi tana iya buɗe masa gyambo a mazaunai, gyambon da zai hana shi wasa wata da watanni. Sannan ga tarkon magani. Da yawa daga cikin 'yan wasan nan suna shan magani kullum saboda larurarsu, kuma wani maganin yana cikin jerin da hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta. Akwai takardar izini da likitan tawaga zai nema tun da wuri. In ba a nema ba, ko ɗan wasa ya shiga kemis ya sayi maganin mura ko na ƙarin ƙarfi bisa shawarar aboki, gwajin fitsari ba ya jin "ban sani ba". Dokar ta ce abin da aka samu a jikinka, kai ne da alhakinsa.

Kuɗi kuwa, wasu ƙasashe sun riga sun rufe wannan babi. Amurka tun 2018 take biyan ladan lamba daidai wa daida tsakanin 'yan Olamfik da 'yan Paralamfik. Faransa ta ba duk wanda ya ci zinare a Paris Yuro 80,000, ko da ƙafa ya yi gudu ko da keke. A wajenmu an sha karrama gwanayen nan in sun dawo, kamar yadda aka yi bayan Landan, aka ba masu zinare lambar girma ta ƙasa. Madalla da wannan. Sai dai kyautar ranar dawowa ba ta sayen ƙwai da wake a watannin horo. Mai ɗaga ƙarfe abinci yake ci, kuma kullum sai ya biya kuɗin mota zuwa filin wasa, a garin da direba kan ƙi tsayawa in ya hango keken guragu. Ku tuna 'yan ƙwallon ƙafarmu masu ƙafa ɗaya, waɗanda rashin kuɗi ya sha hana su zuwa gasar cin kofin duniya, sai a 2018 da jama'a da 'yan Super Eagles suka yi musu karo-karo sannan suka isa Meziko.

(Kiɗa)

To, jama'a, yanzu mu dawo gida, don ga inda maganar take da ɗaci. Ku sake sauraron sunayen da na ambata: Oluwafemiayo, Mark, Ejike, Ugwunwa. Ku ƙara da Bose Omolayo da Esther Nworgu da Isau Ogunkunle, waɗanda su ma suka ci lamba a Paris. 'Yan'uwanmu ne, muna alfahari da su. Amma ina namu na nan Arewa? Duk duniya ta san a yankinmu ne cutar shan inna ta fi daɗewa a Afirka. A Borno aka ga na ƙarshe a 2016, sai a watan Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Yaran da ta kama a shekarun baya yanzu samari ne da 'yan mata, suna nan a Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Duk wanda ya ga yadda gurgu ke tuƙa kekensa da hannu a cikin rana daga unguwa zuwa unguwa ya san akwai ƙarfi a kafaɗun nan. Abin da babu shi ne benci, da ƙarfe, da koci, da wanda zai ce masa zo ka gwada.

Ba kuma a ce ba mu da basira ba. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai tayoyi, a nan aka ƙirƙiro ta. Misbahu Lawan Didi, mutumin Kano, shi ya assasa ta a 1988, ta bazu a jihohi har ta tsallaka maƙwabtan ƙasashe. A Kano ɗin dai akwai ƙungiyar waɗanda shan inna ya shafa da ke ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa. Sai dai ƙwallon guragu ba ta cikin wasannin Paralamfik, don haka matashin da ya tsaya a kanta kaɗai ba zai ga wannan dandamali ba. Hikima ita ce a mai da filayenta wurin farautar gwanaye: wannan mai kafaɗa a kai shi ɗaga nauyi ko jifa, wancan mai zafin hannu a kai shi ƙwallon tebur. Teburin ƙwallo da benci da faranta ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba, balle attajiri guda.

In kuna son ganin abin da mutum ɗaya zai iya, ku dubi Mariam Eniola Bolaji ta jihar Kwara. Kocinta Bello Oyebanji ne ya gano ta ya sa ta a wasan badminton. Allah Ya yi masa rasuwa a haɗarin mota a 2021, bai ga ranar ba. A Paris, tana da shekara 18, ta ci tagulla, ta zama mutum na farko daga Afirka da ya ci lamba a wannan wasa, a Olamfik ko a Paralamfik. Allah Ya jiƙan kocin nata da rahama.

Iyaye, musamman iyaye mata, magana ta zo kanku. Na san tsoron da ke zuciya: kada ya faɗi, kada a yi masa dariya, 'ya mace ce ina za ta je. Amma ku lura, yawancin lambobin da Najeriya ta samo a 'yan shekarun nan mata ne suka ciwo su, wasu matan aure ne da 'ya'yansu. Kulle yaro a ɗaki ko tura shi bakin titi da ƙoƙo, duka biyun ba gata ba ne. Ku kai shi hukumar wasanni ta jiharku ku tambayi mai kula da wasannin masu buƙata ta musamman. Ku adana duk wata takardar asibiti tasa, ko ta tsufa.

Hukumomi kuma, akwai doka. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Wa'adin ya cika. Kwamishinonin wasanni su zagaya filayensu su gani ko mai keke zai iya shiga ɗakin motsa jiki da banɗaki ba tare da an ɗauke shi cak ba. Mu ma 'yan jarida da laifinmu a fili: a lokacin Tokyo an ba ƙasashen Afirka kudu da Sahara 49 damar nuna gasar kyauta, amma gidajen kallo nawa ne suka kunna?

Gasa ta gaba a Los Angeles ta Amurka za a yi ta, a watan Agusta 2028, kuma neman gurbi ba ya jiran shekarar ta kama. Mai hali ya ɗauki nauyin ɗan wasa ɗaya, abincinsa da kuɗin motarsa. Likita ya cike fom. Mai walda ya duba keke. Matashi mai gudu ya je makarantar makafi mafi kusa da shi ya ce yana son ya zama ɗan jagora.

Nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)